Tambayi Bakanike: Esi na sanyi a kan hanya, da an shiga gosulo sai zafi

Jama'a assalamu alaikum, ya muka ji da zafi. Tun da bazara ta kankama saƙonnin da ke shigowa wannan fili kusan duk na esi ne, to na tsinto waɗanda suka haɗu a kan abu ɗaya, wato fankar da ke gaban injin, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ta tsaya.

Tambaya: Slm Oga, dan Allah ina da Camry 2005 wadda ake ce wa Big Daddy. In na hau titin Gusau esin yana sanyi sosai har sai na rage, amma da na shigo gari na tsaya a danja ko gosulo sai ya koma hura iska mai ɗumi, kuma ina jin wani ƙas ƙas a gaba kamar abu na kamawa yana saki. Sau biyu ana ƙara min gas ba canji wlh, yanzu mai esin ya ce kwamfireso ne ya gaji sai an canza. In canza ne? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka canza tukuna, kuma kar ka yarda a sake ɗura maka gas ko na sisin kwabo. Kwamfireson da ya gaji ba zai ba ka sanyin da har za ka rage ba a hanyar Gusau, sannan ya manta aikinsa a danja.

Ga yadda abin yake. Gas ɗin esi yana kwaso zafin cikin mota ne, kwamfireso ya matse shi ya tura shi gaba zuwa kwandensa, wannan siririn abin mai kama da lagireto da ke gaban lagireton, wanda in ka leƙa ta ragar gaban mota shi za ka fara gani. A nan ne gas ɗin zai huce ya koma ruwa-ruwa kafin ya sake komawa ciki, kuma ba ya hucewa sai iska na ratsa kwandensar, kamar dai kunu mai zafi, in ba a fifita ba haka zai zauna. Lokacin da kake gudun 80 ko 100 iskar hanya ce ke yin fifitar kyauta, ko da fanka ko babu. Da ka tsaya iskar ta ɗauke, sauran aikin na fanka ne, in ba ta juya ba matsin gas ɗin ya dinga hawa. A gas ɗin R134a, wanda shi ne a motarka, gejin ɓangaren matsi mai ƙarfi yakan zauna wajen psi 150 zuwa 250, a ranar Sakkwato ta wata Afirilu da ake wuce digiri 40 yana iya ɗara haka, amma in ya doshi 450 akwai suwic da ke yanke kwamfireso don kar tiyo ya fashe. Ya yanke, matsin ya sauka, ya sake kamawa, ya sake yankewa. Ƙas ƙas ɗin da kake ji ke nan.

Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar kuɗi. Ka faka a inuwa, ka bar motar tana silo, esi a kunne har ƙarshe, ka jira ya fara ɗumin nan nasa, sai ka sa yaro ya dinga zuba ruwa da buta ta ragar gaba a kan kwandensar, ban da kan altaneta da akwatin fis. In cikin minti ɗaya ko biyu sanyi ya dawo kuma ƙas ƙas ya tsaya, to kwamfiresonka lafiyarsa ƙalau, iska ce ba ta ratsawa.

Sai ka buɗe bonet ka duba da idonka, hannu a baya, babbar riga a naɗe. Fanka biyu gare ka, in esi na kunne kwamfireso ya kama ya kamata ka ga suna juyawa. In shiru, kashe mota, cire kan batir, sannan ka juya fuka-fukan da hannu. Cire kan batir ɗin ba tsoro ba ne, fanka na iya tashi da kanta, kuma ba ta san yatsa ba. In ka ji ta yi tauri ko tana gurzawa ko tana girgiɗi, moton ne, boris ko bushin ɗinsa ya ci. In tana juyawa sumul sai a bi wuta, kuma a fara daga mai araha. A akwatin fis na cikin bonet, a bayan murfin akwai zane, Toyota kan rubuta CDS a fis ɗin fankar kwandensa, RDI a na lagireto, manya ne masu amfiya 30 ko kusa da haka. Bayan fis sai rile, ɗan abin da ke sakar wa fanka wuta ya kuma yanke ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi wani rile a akwatin mai siffa da lamba iri ɗaya ka musanya su, ka mayar da kan batir ka kunna esi, in fanka ta tashi ka gano ɓarawon. Rile na iya yin ƙas ɗinsa daidai amma bakinsa na ciki ya ƙone, saboda haka kar riwaya ya kara a kunne ya ce maka ai yana yi.

In fis da rile lafiya suke, a bar esi a kunne, a ɗan ƙwanƙwasa bayan moton da ƙotar sukundireba. In ta zabura ta fara juyawa, kabon ɗin ciki ne, ɗan gawayin da ke kai wuta cikin moton, ya cinye, za ta yi yau ta ƙi gobe, kuma wannan shi ne abin da na fi samu a mota mai shekarun taka. Sai a zare soket ɗin a duba bakinsa, in ya yi baƙi ko robar ta narke to wutar a nan take maƙalewa. A sa mita ko ƙwan gwaji a ga ko wuta na isowa, a duba wayar da ke ɗaure a jikin bodi ko ta yi tsatsa, daga ƙarshe a ba moton wuta kai tsaye daga batir da waya mai fis. Ya juya da ƙarfi, moto lafiya, matsalar na baya. Ya ƙi ko yana jan ƙafa, a canza shi.

Wani abu da ke rikita yara a gareji: Toyota da yawa na wancan zamanin rile uku ne ke sarrafa fankokin biyu. A ƙaramin gudu wutar na shiga fanka ɗaya ta fita ta shiga ɗayar, kowace ta samu rabi, a babban gudu ne kowace ke samun cikakkiyar wutar batir, volt 12 ɗinta. To in moto ɗaya ya yanke a ciki, duka biyun za su yi shiru a ƙaramin gudu, sai mutum ya rantse duka sun mutu a sayo masa biyu. A gwada kowace daban.

Maganar gas ɗin da aka ƙara sau biyu kuwa, gas ba fetur ba ne da ke ƙonewa, in ya ragu yoyo ne, in ba yoyo to abin da aka ƙara ya yi yawa, kuma yawansa na ƙara hawan matsin da ke yanke maka kwamfireso. Bayan an gyara fanka ka nemi mai esi da ke da sikeli, a zuƙe, a sa daidai giram ɗin da ke rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Ƙananan motoci yawanci tsakanin giram 450 ne zuwa 650. Mai auna gas da tafin hannu a jikin bututu, ka gaishe shi ka wuce.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Motata Honda Accord EOD ce, fankar ta daina tashi in an kunna esi, direbana ya kai wa riwaya ya haɗa ta dairek, yanzu da an murɗa makulli take fara ihu har a kashe, kuma wai sun cire tamostat ma don ƙasarmu da zafi. Esi ya dawo kam amma ni hankalina bai kwanta ba, mai kuma kamar ya fi saurin ƙarewa. Direban ya ce kowa haka yake yi. Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya ranki ya daɗe, hankalinki ya fi na direban gaskiya. Kowa na yi ɗin gaskiya ne, daga Panteka har Apo za ki samu masu yi, amma ba gyara ba ne, an tsallake ciwon ne aka bar shi a inda yake. Abin da ya hana fankar tashi yana nan, ko rile ne ko waya ko sensa, wanda wataƙila kuɗinsa bai kai na wayar da aka ja ba.

Abin da ke faruwa yanzu, moton da aka yi shi ya yi aiki ya huta yana juyawa tun daga ƙofar gida har a dawo, ko kina gudu a hanyar Zariya inda ba a buƙatarsa, kabon ɗinsa zai cinye da wuri, altaneta na ɗauke da kaya kullum, da safe kuma batir na fama da tayar da injin fanka na jan nata rabon. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka ja wayar, domin da yawa ba sa sa fis a kai, sai a murɗa waya a naɗe da salatif a cusa, ranar da ta goge a jikin ƙarfe ba abin da zai yanke wutar sai hayaƙi.

Tamostat kuwa a mayar. Aikinsa ya riƙe ruwa har injin ya kai wajen digiri 80 sannan ya buɗe, kuma an ƙera injin ne ya yi aiki da zafinsa, kusan 90. In babu shi ga fanka na hurawa ba tsayawa, musamman da sanyin safiya na hunturu, biren bos, wato kwamfutar motar, zai ɗauka injin bai gama ɗumama ba ya ci gaba da ba shi mai da yawa. Wannan ne man da kike gani yana gudu, ba idonki ba ne.

A irin motarki, in kwamfireso ya kama fankokin biyu kan tashi tare da shi. Sai a tambaya, ranar da fankar ta ƙi tashi, shi kwamfireson yana kamawa? In yana kamawa fanka ce kawai shiru, a bi fis da rile da soket kamar yadda na faɗa wa Alhaji a sama. In duka biyun shiru ne, to ba lallai laifin fanka ba ne, suwic ɗin matsi na hana su tashi in gas ya yi ƙasa sosai, wajen 28 a geji. A nan ne riwaya ke cewa aikin mai esi ne, mai esi ya ce na riwaya ne, mai mota na tsakiya da makulli a hannu. Tunda kin ce sanyi ya dawo bayan dairek ɗin, naki ya fi kama da na farkon.

Ban ce dairek haramun ba ne. In mota ta tsaya wa mutum a dajin Birnin Gwari da magariba, a haɗa da fis a fita daga wurin, washegari a warware.

Tambaya: Oga barka da aiki. Fankar Corolla ta ce ta mutu na je Ƙofar Ruwa na sayo tokumbo, soket ɗin bai shiga ba sai aka yanke aka haɗa wayoyin. Tana juyawa da ƙarfi sosai amma abin mamaki yanzu a kan babban titi ne gejin zafi ke hawa esi ya rage sanyi, da can ba haka take ba. Ko an sayar min da mara kyau ne? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Ƙanena kar ka koma ka yi rigima da mai shago, ina kyautata zaton wayoyin aka juya. Irin wannan moton in aka musanya masa waya biyun baya yake juyawa, maimakon ya zuƙo iska daga gaba zuwa injin sai ya dinga tura ta waje. A tsaye abin na ɗan wucewa, amma in kana gudu iskar hanya na shigowa fanka na korar ta, ba wadda ke ratsawa. Ka samu fallen takarda ka kara a ragar gaba fanka na juyawa, in ta manne daidai ne, in ta ture ta a musanya wayoyin, kuma a haɗa da dalma ko a nemo soket ɗin da ya dace, ban da murɗe da salatif. In takardar ta manne amma matsalar na nan, duba ko fuka-fukan na wata motar ne, ko an bar robar da ke kewaye da fankar a gareji ba a mayar ba, don ba ado ba ce, ita ke tilasta iskar ta bi ta cikin kwandensa maimakon ta zagaya ta gefe.

Tambaya: Salam. Ni direban haya ne, 406 nake ja Jos zuwa Bauci. Fis ɗin fanka ne ke ta ƙonewa da na kunna esi, na canza na gaji, wani ya ce in sa babba ko in naɗa waya kawai. Ya ka gani?

Amsa: Direba sannu da hanya. Wanda ya ba ka shawarar nan ba zai kasance a motar ba ranar da za ta kama, kai da fasinjojinka ne a ciki. Fis na ƙonewa ne don wutar da ke bi ta wurin ta fi ƙarfin wayar, in ka sa babba ko ka naɗa waya, wayar motar ce za ta zama fis ɗin.

Lura da lokacin da yake ƙonewa. In nan take ne da fanka ta so tashi, akwai waya da ta goge tana taɓa bodi, ko kwayil ɗin moton ya ƙone ya haɗe, a bi wayar tun daga soket, musamman inda ta bi ta gefen lagireto ko inda aka taɓa yin gyaran gaba bayan karo. In sai ta yi minti biyar ko goma tana aiki sannan ya yanke, moton ne ya yi nauyi, boris ya bushe ƙura ta shiga, yana jan wuta fiye da ƙima. Riwaya mai mitar da ake maƙalawa a jikin waya zai gaya maka amfiya nawa take ja, fanka ɗaya ta ƙaramar mota yawanci ba ta wuce 10 zuwa 20 in ta daidaita. In kuma fis ɗin ba yankewa yake ba, narkewa yake ta ƙafafu, to mazauninsa ne ya saki, ko sabo ka sa zai yi zafi.

Tunda Peugeot ce, ka sa a duba ƙaramin gudu ma. Motoci da yawa, har da Peugeot irin su 206 da 307, suna da wani ɗan abu mai naɗaɗɗiyar waya a jikin gidan fankar da ke rage mata wuta don ta juya a hankali. In ya ƙone ƙaramin gudu ya tafi, fanka ba za ta motsa ba sai abu ya yi zafi sosai sannan ta tashi da ihu gaba ɗaya, kuma tashi daga tsaye zuwa cikakken gudu shi ne lokacin da moto ya fi jan wuta.

Tambaya: Ina gaisuwa. Hilux gare ni ta gazuwal, wato dizal, ba ta da fankar lantarki sai babbar da ke jikin injin. Kilim, wato esi, ba ya sanyi in na tsaya, ga shi fankar tana juyawa ina gani. Daga Maraɗi.

Amsa: Mutanen Maraɗi muna amsawa. Juyawa daban, jan iska daban. Wannan fankar fambel ke ja, amma tsakaninta da injin akwai wani kuloci mai man silikon a ciki, in iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi sai ya kama ya ja ta da ƙarfi. In man ya tsiyaye za ka gan ta tana juyawa amma a sake take. Da injin a kashe ka tura ta da hannu, ya kamata ka ji tana riƙewa ta tsaya nan da nan, in ta yi ta zagayawa ita kaɗai, ko ka ga maiƙo da ƙura sun taru a tsakiyarta, kulocin ya tafi. Ana canza shi, wasu irin kuma ana buɗewa a sake zuba man. Masu ɗaure shi da ƙusa ko walda suna samun iska kam, sai dai ga ƙara ga shan mai, kuma famfon ruwa ne ke biyan kuɗin.

Kafin ka kashe ko dala, haska tocila tsakanin kwandensa da lagireto. Motar da ke bin hanyoyin ƙauye ta sha ƙurar hunturu, abin da ke taruwa a wannan ɗan tsakanin sai ka gani, ciyawa, ƙwari, leda, gashin kaji, har ya zama kamar tabarma. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mai sauƙin ƙarfi, in mai wankin mota ya matso da bakin injinsa siraran fuka-fukan alminiyon kwanciya suke yi su toshe hanyar iskar gaba ɗaya.

Tambaya: Ni kuma tawa in na kashe mota na zare makulli fanka sai ta ci gaba da juyawa, Mercedes ce C300. Matsala ce? Daga Abuja.

Amsa: Yallaɓai in minti kaɗan ne bayan doguwar tafiya ko gosulon Nyanya ta tsaya da kanta, haka aka yi ta. In kuwa ba ta tsayawa har batir ya mutu, ko da ka tayar da mota da safe take tashi da cikakken gudu injin na sanyi, akwai magana. Irin taka ba rile ke kunna ta ba, akwai ɗan akwatin lantarki a jikin fankar, manyan wayoyi biyu na kawo wuta, siririya kuma na kawo umarni daga biren bos kan gudun da za ta yi, kuma in umarnin ya yanke ko wani sensa ya ba da labarin da bai yi ma'ana ba, da yawansu cikakken gudu suke tafiya don kare injin. Saboda haka gwajin ba da wuta daga batir da na faɗa a sama ba na motarka ba ne, kar kowa ya taɓa siririyar wayar nan da 12. A sa mata kwamfuta a karanta abin da sensan zafin ruwa da na matsin gas ke faɗa, a umarci fankar ta tashi daga kwamfutar a gani, sannan a yi maganar saye, don fankar da akwatin nata yawanci a haɗe ake sayar da su kuma ba araha.